Jiri Da Rawar Ido: Me Na'ura Za Ta Tsinana Wa Majinyacin Anka, Gummi Da Bukkuyum?

Cikin koke-koken da mutane ke kaiwa asibiti, da wuya a sami wanda ya kai jiri ɗaure wa ma'aikacin lafiya kai. Mai zazzaɓi a sa masa ma'aunin zafi, a ɗibi jini a duba. Mai karaya ana ganin karayarsa. Amma wanda ya shigo yana dafa bango yana cewa, "Malam, juwa nika ji, ƙasa na juyawa da ni," bai zo da wata shaida ba sai bakinsa. Abin da kan biyo baya a ƙananan asibitocinmu sananne ne: a auna hawan jini, a gwada maleriya da taifot, a ɗaura ƙarin ruwa, a rubuta ƙwayar jiri da maganin ƙarin jini, a ce ya dawo in bai ji dama ba. Wasu su warke. Wasu su koma gida a shiga neman maganin iska ko sammu, tunda na asibiti bai ci ba. Kaɗan daga ciki kuwa, waɗanda jirinsu daga ƙwaƙwalwa ya taso, bayan kwana biyu ko uku sai a ji wane ya kwanta bai ƙara tashi ba.

A 'yan shekarun nan masu bincike a Amurka da Jamus da Koriya ta Kudu da Ostareliya sun duƙufa kan wata dabara. A ɗauki bidiyon idon mai jiri, a miƙa wa manhajar kwamfuta da aka horar da bidiyoyi masu yawa irinsa, ita kuma ta faɗi inda ciwon yake, kunne ko ƙwaƙwalwa. Reshe ne na ƙirƙirarriyar basira, inda na'ura ke koyo daga misalai maimakon a zayyana mata dokoki ɗaya bayan ɗaya. Ko wannan tana da abin da za ta yi wa manomin Gwashi ko matar aure a Bagega? A ganina tana da shi, sai dai aikin nata ƙarami ne kuma takamaimai, kuma akwai abubuwan da suka riga ta a layi.

Da farko, me ya haɗa ido da jiri? Can bayan dodon kunne, cikin ƙashi mai tauri, akwai wasu bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa, da 'yan jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙwayoyin alli ƙanana ƙwarai. Bututun ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa kai ya juya, jakunkunan kuma su gaya mata ina sama ina ƙasa. Saƙon da ke fita daga nan yana bin gajeriyar hanya ta gindin ƙwaƙwalwa zuwa tsokokin da ke juya ƙwayar ido, cikin kusan kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Kai ya yi dama, ido ya yi hagu daidai gwargwado. Mai karatu na iya gwadawa yanzu: ka kafa ido kan babban yatsanka, ka girgiza kai da sauri, za ka ga yatsan garau. Sannan ka tsayar da kai, ka girgiza yatsan da wannan saurin, sai ka gan shi dishi-dishi. A karon farko kunne ne ya taimaki ido, a na biyu ido shi kaɗai ya yi ta fama.

Idan kunne ɗaya ya sami matsala, ƙwaƙwalwa sai ta karɓi saƙo biyu masu karo da juna, ta ɗauka kai juyawa yake alhali yana tsaye. Sai ido ya riƙa sulalewa a hankali zuwa gefe guda, ya fizgo da sauri, ya sake sulalewa. Wannan rawar ido ita ce shaidar da mai jiri ya zo da ita ba tare da ya sani ba. Gefen da take fizga, da tsawon lokacinta, da abin da ke tayar da ita, su ne ke nuna wane kunne, wane bututu, ko kuma abin ya wuce kunne. Ilimin ba na yau ba ne. Robert Bárány, likitan kunne a birnin Biyana, shi aka ba kyautar Nobel ta 1914 a kan wannan aiki. Ruwan ɗumi ko na sanyi yake zubawa a kunne ya tsaya yana kallon ido. Labarin kyautar ma a sansanin fursunonin yaƙi na Rasha ya same shi.

Mafi yawan jirin da ke tasowa daga kunne, abin da ke kawo shi ba wani babban ciwo ba ne. Ƙwayoyin allin nan ne wasu ke ɓallewa daga jakarsu su faɗa cikin ɗaya daga bututun. Da mutum ya juya a kan gado, ko ya ɗaga kai zai ɗauko abu a rataye, ko ya sunkuya ruku'u, sai su gangara su motsa ruwan, ɗaki ya juya da shi na 'yan daƙiƙu, ƙasa da minti ɗaya, sannan ya lafa. Ya fi kama tsofaffi da mata, da wanda ya bugu a kai, kuma a ƙasar da babur ya zama motar kowa masu buguwa a kai ba kaɗan ba ne. A 1952 Margaret Dix da Charles Hallpike a Landan suka bayyana yadda ake gano shi: a zaunar da majinyaci kan gado, a karkata kansa gefe, a kwantar da shi rigingine da sauri kan na ɗan reto, a zuba wa idonsa ido. A 1992 kuma John Epley na Amurka ya wallafa hanyar magance shi, wato a bi da kan mataki-mataki har ƙwayoyin su gangaro su koma mazauninsu. Minti goma ya isa. Babu allura, babu ƙwaya, babu wutar lantarki, kuma mafi yawan masu shi zama ɗaya ko biyu ke raba su da shi. Amma mutum sai ya yi wata da watanni yana haɗiyar ƙwayoyin jiri irin su Stugeron daga kemis, waɗanda ba sa matsar da ƙwayar alli ko ɗaya, sai dai su sa shi barci. Wata tsohuwar har ta koma salla a zaune don tsoron sujada.

Inda hatsarin yake shi ne jirin da ya zo farat ɗaya ya ƙi tafiya, da amai, da kasa tsayuwa, awa bayan awa. Abu biyu ne kan gaba a nan. Ɗaya kumburin jijiyar kunnen ciki, mai wahalarwa amma yana lafawa cikin kwanaki ko makonni. Ɗayan toshewar jijiyar jini a ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya ko a gindin ƙwaƙwalwa. Wannan shi ne ciwon da muka sani da shanyewar ɓarin jiki, sai dai a wannan gurbin sau da yawa ba ya shanye hannu ko ƙafa, ba ya karkata baki, jiri kawai yake nunawa. A ranar farko su biyun kamar an tsaga kara. Hoton CT yakan wuce irin wannan toshewar bai gan ta ba. A Amurka, inda kusan mutum miliyan 4 ke zuwa sashen gaggawa da jiri kowace shekara, kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari nasu ciwon ƙwaƙwalwar ne, kuma ko a can ana sallamar wasunsu da ƙwayar jiri.

A 2009 Jorge Kattah da David Newman-Toker da abokan aikinsu suka wallafa wani gwaji mai mataki uku da ake kira HINTS, duka da ido ake yin sa. Na farko, likita ya kama kan majinyaci ya fizga shi kaɗan gefe da sauri, yana duba ko idon zai zauna kan hancin likitan ko zai zame ya dawo. Michael Halmagyi da Ian Curthoys na Sidini a Ostareliya ne suka fito da wannan a 1988. Na biyu, a duba ko rawar idon gefe ɗaya take fizga ko tana sauya gefe in an kalli dama an kalli hagu. Na uku, a rufe ido ɗaya a buɗe, a ga ko ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo. Cikin majinyata 101 da suka gwada, gwajin bai bar ko mutum ɗaya mai ciwon ƙwaƙwalwa ya kuɓuce ba, alhali hoton MRI da aka ɗauka cikin awa 48 na farko ya kuskure kusan kashi 12 cikin ɗari. Abin da ke ruɗa mai koyo shi ne, a mataki na farko, idon da ya zame ya dawo shi ne labari mai daɗi, don yana nuna kunne ne. Idon da ya zauna daram, a jikin mai jiri marar yankewa da rawar ido, shi ne abin tsoro.

To, in hannu da ido sun isa, ina amfanin na'ura? Waɗanda suka sami wancan sakamakon ƙwararru ne da suka shekara suna kallon idanu. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa a hannun likitan gaggawa da ba a horar ba, gwajin yakan rasa kaifinsa. Ko a yi shi kan wanda bai dace ba, ko a karanta shi a juye. Fizgar idon da ake nema takan wuce cikin ƙiftawa, wata ma tana faruwa ne kai bai gama juyawa ba, idon ɗan Adam ba ya kama ta. Shi ya sa aka ƙera tabarau mai kyamara da ke ɗaukar hoto kusan 250 a daƙiƙa, wanda ya fara shiga asibitoci daga wajen 2009. Sai dai tabarau zane yake fitarwa, zane kuma sai da mai karantawa. Likitocin kunne da hanci da maƙogwaro a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, kuma a manyan birane suke. Gurbin da ake so manhaja ta cike ke nan: ta zama mai karatun.

Yadda take koyo bai da nisa da yadda mai sayen dutsen zinariya a Bagega ya koyi sana'arsa. Ba littafi ya karanta ba. Duwatsu dubbai suka ratsa hannunsa, kowanne aka niƙa aka wanke ya ga abin da ya fito, har idonsa ya san wanda ke da rabo. Ita ma ana nuna mata bidiyo, a gaya mata hukuncin da ƙwararru suka yanke a kansa, ta yi hasashe, a gyara mata, a sake, har ta iya yanke hukunci kan wanda ba ta taɓa gani ba. Kuma kamar shi, in aka kawo mata dutsen wata ƙasa da ba ta saba da shi ba, tana iya rantsuwa kan kuskure.

A 2019 masu bincike na Jami'ar Hallym a Koriya ta Kudu sun horar da irin wannan manhaja da guntayen bidiyo sama da 90,000 na majinyata fiye da 3,000, don ta gane wane bututu ƙwayoyin alli suka faɗa. A 2022 wata tawaga a Jami'ar Johns Hopkins ta fitar da tata mai suna aEYE, aikinta kawai ta ce akwai rawar ido ko babu, kuma daga majinyata 30 aka samo bidiyoyinta. A 2023 likitocin Würzburg a Jamus suka nuna cewa kyamarar wayar hannu ma tana iya auna saurin rawar ido kusa da yadda tabarau mai tsada ke yi, amma a kan mutane ƙalilan suka gwada. A Norwich ta Ingila an ƙera wata 'yar na'ura, CAVA, da ake mannawa a gefen fuska har kwana 30, domin jiri ba ya jiran ranar ganin likita. A Sidini kuma an ba majinyata 117 tabarau su tafi da shi gida su ɗauki idonsu da kansu lokacin da abin ya motsa. Duk wanda ya duba waɗannan da idon basira zai ga abu biyu: ci gaban na gaske ne, kuma yawancinsa bai bar ɗakin bincike ba tukuna.

Yanzu mu dawo gida. A Baltimore ta Amurka, in an yi shakka, sai a tura majinyaci ɗakin hoto a bene na gaba. A Bukkuyum shakka tana nufin neman mota, da kuɗin mai, da wanda zai raka, da bin hanyar Anka zuwa Mayanchi a nufi Gusau, ko daga Gummi a nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Kowa ya san abin da 'yan bindiga suka mayar da hanyoyin yankin nan, ya kuma san bayan la'asar direba sai ya yi shawara da zuciyarsa. Saboda haka kuskure ta kowace fuska yana da tsada. A tura mai ƙwayar alli Gusau, an jefa iyali cikin bashi da kasada kan abin da za a warkar a kan benci. A riƙe mai toshewar jijiya a ɗaura masa ruwa, ƙaramar ƙwaƙwalwar tana iya kumbura a kwana na biyu zuwa na huɗu ta danne cibiyar numfashi. Kada kowa ya yaudari kansa cewa mutumin ƙauye zai riski allurar narkar da gudan jini, wadda ake bayarwa cikin awa huɗu da rabi. Amma kai shi inda za a sa masa ido, a kula da hawan jininsa, a duba haɗiyarsa kafin a ɗura masa kunu ya shaƙe, wannan yana ceton rai. Aikin da nake ganin na'ura za ta iya yi mana ke nan, ta taimaki malamin asibiti ya raba wanda zai hau mota da wanda zai hau benci.

Kafin ta kai ga haka akwai tarnaƙi. Manhajojin da na ambata da idanun Koriya da Amurka da Jamus aka horar da su. A 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru sun gwada manhajojin tantance fuska na manyan kamfanoni, suka tarar kuskurensu kan maza farare bai kai kashi 1 cikin ɗari ba, kan mata baƙaƙe kuwa ya kai kusan kashi 35. Kyamarar waya a hasken rana tana shan wahalar raba baƙin tsakiyar ido da kewayensa in idon mai duhu ne, rawar da ke murɗa ido kuma sai an ga zanen kewayen ake auna ta. Ga yanar ido ta tsofaffi, ga amosanin ido da ya daɗe yana addabar arewa maso yamma. Sannan ga kwalli. Masu aiki da tabarau mai kyamara sun san baƙin kwalliyar ido yana ruɗa na'ura ta ɗauke shi a matsayin ƙwayar ido, shi ya sa ake cewa a goge kafin gwaji. A wurinmu kuwa mace da namiji da jariri duk suna rambaɗa shi.

Wayar kanta tana da iyaka. Bidiyon da aka saba ɗauka hoto 30 ne zuwa 60 a daƙiƙa, wanda ya isa ganin rawar ido amma bai isa auna fizgar kai ba. Kuma rawar da ta taso daga kunne tana lafawa in mutum ya kafa ido kan wani abu, shi ya sa ake rufe idon cikin duhun tabarau. Mai kallon waya kuwa ya sami abin kafa wa ido. Sai batun sabis. Ranar 3 ga Satumba 2021 aka rufe layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, wasu wurare suka yi watanni a haka. Manhajar da sai ta tura bidiyo wata ƙasa kafin ta amsa, ranar da aka fi buƙatarta za ta yi shiru. Kamfanin Google ya ɗanɗana irin wannan a Tailan, inda ya kai manhajar duba idon masu ciwon sukari ƙananan asibitoci 11. A ɗakin bincike ta yi zarra, a filin aiki ta ƙi karɓar kusan kashi ɗaya cikin biyar na hotunan saboda ƙarancin haske, jinkirin intanet kuma ya tsawaita layi. Bidiyon ido kuma bidiyon fuska ne. Matar da ke cikin kulle, da mijinta, suna da haƙƙin sanin inda hoton zai je da wanda zai gani, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta tsaya musu. In ma'aikaciya mace ce ke riƙe da wayar, rabin gardamar ta ƙare.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi a wurina shi ne, jirin yammacin Zamfara yana da iyaye da na Koriya ba shi da su. Annobar sanƙarau da ta faro daga jihar nan a ƙarshen 2016 ta kama mutum sama da 14,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 1,100, kuma Zamfara ce ta fi jin jiki. Sanƙarau yana cin kunnen ciki; kurumtar da yake bari kowa na lura da ita, tangaɗin da yake bari kuwa ba a cika danganta shi da shi ba. Ga allurar jentamaisin, mai araha, mai ceton rai in likita ya auna ta, wadda kuma ake dirka wa mutane barkatai a shagunan magani. Tana iya kashe ma'aunin daidaito na kunnuwa biyu gaba ɗaya, ta bar ji lafiya lau. Mai wannan ba ya cewa ɗaki na juyawa. Cewa yake in yana tafiya duniya na tsalle a idonsa, ba ya gane fuskar mutum sai ya tsaya, da dare kuma ba ya iya taka ƙasa marar daidai. Wannan lahani galibi ba ya warkewa, amma gwajin fizgar kai yana iya hango shi da wuri a tsayar da allurar. Haka sitireftomaisin ta masu tarin fuka. Kwinin ma yana sa kunne ƙara da jiri, sai dai nasa yakan wuce.

Sai dalma. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, suna zagayen sa ido kan sanƙarau, suka ci karo da mace-macen yara da ba su yi kama da shi ba. Dutsen zinariya ne da ake dakawa ana niƙawa cikin gidaje, cike da dalma. A ƙauyuka biyu kawai, Dareta ta ƙasar Anka da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum, binciken hukumar CDC ta Amurka ya ƙirga yara 118 da suka rasu cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar a shekara guda, ɗaya cikin huɗu ke nan. Na'urar gwajin jinin da aka zo da ita iyakarta 65 a ma'aunin dalmar jini, jinin yara da yawa ya wuce abin da take iya karantawa. A Amurka yau daga 3.5 ake fara bin diddigin yaro. Aƙalla yara 400 suka mutu. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a Abare da Sunke da sauransu, Bagega ta jira har 2013, MSF ta gwada jinin yara sama da 8,000 kafin ta miƙa shirin ga hukumomin jiha a 2022. Waɗanda suka rayu yanzu samari ne da 'yan mata, wasu sun yi aure, wasu suna tuƙa babur, wasu suna sauka ramin haƙar ma'adinai, wanda gwamnatin tarayya ta haramta a 2019 ta kuma ɗage haramcin a Disambar 2024.

Me ya kawo su cikin maganar jiri? A shekarun 1990 Amit Bhattacharya da abokansa a Jami'ar Cincinnati ta Amurka sun ɗora yara kan wani faranti mai auna tangaɗin jiki, suka ga yaron da ya fi shan dalma yana ƙarami ya fi tangaɗi a tsaye, musamman in an rufe masa ido. Dalmar jinin waɗancan yaran ba ta kusanci ta Dareta ba. Ke nan akwai dalili mai ƙarfi na auna daidaiton waɗannan matasa, da jinsu, da motsin idonsu, tun ba a wayi gari ana cewa wane ya cika faɗuwa ba. In akwai wurin da ya cancanci a kawo tabarau mai kyamara a yi bincike na tsanaki, Anka ce da Bukkuyum, kuma sunayen yaran suna cikin rajistar shirin.

A gefe guda, jiri mai yawa ba ya rawa a ido ko kaɗan. Mai ciki da jininta ya yi ƙasa, mai azumi da ya yi noma cikin rana, tsohon da maganin hawan jini ya yi masa yawa har in ya miƙe sai ya ga duhu, mai sukari, matashin da ya sha turamol, matar da ta kwana a daji tana gudun hari har yau zuciyarta ba ta kwanta ba. Kyamara za ta ce ba ta ga komai ba, kuma gaskiya ta faɗa. Tsorona shi ne ma'aikaci mai majinyata hamsin a layi ya ɗauki "ban ga komai ba" a matsayin "lafiya lau". Tambayoyin nan na da, yaushe ya fara, minti nawa yake yi, me ke tayar da shi, wace allura aka yi maka, babu manhajar da ta sauke wa kowa su. Haka ɗaga majinyaci a ce ya taka: wanda ba ya iya tsayuwa ko zama shi kaɗai, ko me idonsa ya nuna, na mota ne.

Hukuncina dai shi ne a bi abin daki-daki. A fara da koya wa malaman asibiti da nas-nas na manyan asibitocin Anka da Gummi da Bukkuyum gwajin Dix da Hallpike da juyin Epley, horon da bai wuce kwana biyu ba, a kuma sa shi cikin manhajar makarantun koyon aikin lafiya na jihar. Daga nan a buɗe hanyar da ma'aikaci zai ɗauki bidiyon ido da wayarsa, da yardar mai shi, ya tura wa likitan kunne ko na ƙwaƙwalwa a Gusau ko Sakkwato ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Gani ya kori ji, kuma wannan ba ya jiran wata sabuwar fasaha. Kowane bidiyo da ƙwararre ya yanke wa hukunci a adana shi ba tare da suna ba. Cikin 'yan shekaru za a tara idanunmu, da kwallinsu da yanarsu, waɗanda za a gwada kowace manhaja da su kafin a yarda da ita, ko ɗalibanmu na Jami'ar Tarayya ta Gusau da ta Ɗanfodiyo su horar da tasu mai aiki cikin waya ba tare da sabis ba. Duk ɗan kwangilar da ya zo wa Ma'aikatar Lafiya da na'ura, a tambaye shi a kan su wa aka gwada ta, mutum nawa, kuma sau nawa ta ce kunne ne alhali ƙwaƙwalwa ce.

Kai kuma mai karatu, in jirin ɗan'uwanka na 'yan daƙiƙu ne, yana zuwa in ya juya a shimfiɗa ko ya sunkuya, ka nemi a yi masa gwajin kwantarwa kafin a ƙara sayen ƙwaya. In kuwa ya zo farat ɗaya ya ƙi tafiya, ga ganin abu biyu-biyu, ko nauyin harshe, ko shaƙewa wajen haɗiya, ko ciwon ƙeya mai tsanani, ko kurumtar kunne ɗaya nan take, ko ya kasa tsayuwa, musamman mai hawan jini ko sukari, kada a tsaya ƙarin ruwa a gida. A kai shi babban asibiti a ranar.